Ƙaramin kwalekwale a tsakiyar cunkoso: Yadda masu fatsa ke rabon ruwa da jiragen inji a rafukan Charleston

Daga Litinin ta ƙarshe a watan Mayu zuwa Litinin ta farko a watan Satumba, wato tsakanin hutun tunawa da 'yan mazan jiya da hutun ma'aikata na ƙasar Amurka, ruwayen da suka kewaye birnin Charleston a Jihar Carolina ta Kudu ba sa samun hutu a ranakun Asabar da Lahadi. Tun da hantsi motoci masu jan jirage ke yin dogon layi a bakin gangaren simintin da ake saukar da jirage cikin ruwa. Baburan ruwa na keta rafuka, jiragen 'yan shaƙatawa kuma, maƙare da iyalai da akwatunan ƙanƙara, na nufar tsibirai.

A cikin wannan hayaniya akwai wasu mutane da abin hawansu bai wuce tsawon mita huɗu ba, ba shi da inji, tazarar mazauninsa da ruwa kuma ba ta kai kamu ɗaya ba. Su ne masu fatsa a kan kayak, wani siririn kwalekwale na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Ba su da gudu, ba su da ƙara, kuma direban jirgin da ke tafe a guje ba ya hango su sai ya matso. Duk da haka sukan koma gida lafiya, sau da yawa ma da labarin kifi. Makaminsu shi ne sanin lokacin da teku ke cikowa da lokacin da take janyewa, sai kuma wasu dokoki da suka ba ƙarami da babba haƙƙi ɗaya a kan ruwan jama'a.

Rafin da ke cika sau biyu a kwana

Kogin da ke cikin ƙasa yakan cika da damina ya ja baya da rani. Rafukan gaɓar Tekun Atlantika kuwa a kwana ɗaya suke yin daminarsu biyu da raninsu biyu. Ƙarfin jan wata, tare da taimakon na rana, shi ke tura ruwan gishiri cikin waɗannan rafuka har su tumbatsa, sannan ya kwashe shi ya bar taɓo tsirara. Daga cikowa zuwa janyewa sa'a shida ne da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kimanin minti 50. A Charleston bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan kai mita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu. In aka gangara kudu wajen Beaufort ya zarce haka.

Ruwan ba da sauri ɗaya yake tafiya ba. Matuƙa jirage suna da wani tsohon lissafi: in an raba ruwan da zai shigo kashi 12, kashi ɗaya ne ke shiga a sa'ar farko, biyu a ta biyu, uku-uku a ta uku da ta huɗu, sannan biyu, sannan ɗaya. Ke nan rabin ruwan a cikin sa'o'i biyun tsakiya yake wucewa, kuma a lokacin ne gudunsa ke tsananta. Mai kayak da tafiyarsa ba ta fi kilomita huɗu ko biyar a sa'a ba, in ya yi gangancin fuskantar wannan ruwa a ƙunƙuntar mashiga, sai ya yi ta tuƙi yana nan inda yake.

Saboda haka kafin ya duba ƙugiyoyinsa, jadawalin ruwa yake fara dubawa. Hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka, NOAA, tana wallafa lokutan cikowa da janyewa na shekara guda cur, kyauta ga kowa. Jinkirin nan na minti 50 yana da wani sakamako ga ma'aikacin da ƙarshen mako kaɗai yake da shi: in ruwa ya janye da sanyin safiyar wannan Asabar, to a mai zuwa a cike zai same shi a daidai wannan lokaci. Dabarar da ta yi aiki a makon jiya ba za ta yi a wannan ba.

Ƙasar da wannan ruwa ke shiga yana fita fadama ce ta gishiri. Jihar na da kimanin eka 350,000 nata, lulluɓe da wata doguwar ciyawa da masana ke kira Spartina. A gefen rafukan akwai tarin kawa masu kaifi kamar aska, da wani baƙin taɓo mai wari wanda yakan haɗiye ƙafar mutum har cinya. A nan ƙananan kifaye da jatan lande da ƙaguwa ke girma kafin su fita babbar teku.

Daga fatar dabba zuwa roba

Asalin kayak na mutanen ƙarshen arewacin duniya ne, Inuit da Aleut, waɗanda shekaru dubbai suka riƙa ɗinka fatun dabbobin teku a kan ƙashi ko itace domin farauta. Wanda ake fatsa da shi yau da roba mai kauri ake zuba shi, kuma a bisansa ake zama maimakon a cikinsa. Yana da ramukan da ruwan da ya fantsamo ke tsiyayewa, faɗinsa ya kusa mita ɗaya, har wasu sukan miƙe tsaye a kai su jefa ƙugiya. A 1997 kamfanin Hobie ya fito da na'urar tuƙi da ƙafa, abin da ya 'yanta hannuwan mai fatsa daga riƙon filafili. Jihar Carolina ta Kudu ma tana da hannu a sana'ar, domin birnin Greenville ya kasance mazaunin ɗaya daga cikin manyan masana'antun kayak na ƙasar.

Abu biyu suka janyo mutane gare shi. Na farko kuɗi: jirgin inji yana buƙatar mai, da gyara, da rajista, da inshora, da wurin ajiya, shi kuwa kayak a kan rufin mota ake ɗaure shi, a jingine shi a bayan gida. Na biyu, kuma mafi girma, yana iya shawagi a ruwan da zurfinsa bai kai gwiwa ba. Inda farfelar inji za ta daki kawa ta lanƙwashe, kayak wucewa yake yi shiru.

Kifin da ake nema

Sarkin waɗannan rafuka wani kifi ne mai launin jan ƙarfe da baƙin ɗigo a gindin wutsiya, wanda mutanen yankin ke kira redfish. Shekarunsa na farko a fadama yake yin su, sai ya balaga ya koma babbar teku, inda yakan rayu shekara 40 ko fiye. Akwai kuma wani mai ɗigo-ɗigo da suke kira seatrout, da wani shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe guda mai suna flounder, wanda ke kwanciya a ƙasa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa.

Kowane matakin ruwa da inda yake ajiye kifi. In ruwa na janyewa, ƙananan halittu dole su baro ciyawa su biyo 'yan magudanan da ke zuba cikin rafi, manyan kifaye kuma su yi kwanto a bakin magudanan. In ya gama janyewa, kifayen sukan taru a 'yan gurabe masu zurfi da ke kan kwana. A kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa kuwa, ruwa yakan yi tashin da ya fi na kullum, ya malale saman fadama. A nan jan kifin ke bin ƙananan ƙaguwa cikin ciyawa, kansa a ƙasa, wutsiyarsa a waje tana kaɗawa. Mai fatsa da ido yake hango shi, ya lallaɓa ya jefa masa ƙugiya a gabansa. Amma kifi na ganinka mai jar koma: bugun filafili ɗaya a jikin roba ya isa ya watsa garke guda.

Wannan kifi ya taɓa shiga uku. A shekarun 1980 wani mashahurin mai dafa abinci na birnin New Orleans, Paul Prudhomme, ya yayata wata suya tasa mai yaji, kasuwa ta buɗe, jiragen 'yan kasuwa suka riƙa kwasar manyan da ke hayayyafa. Daga nan aka rufe kamunsa a ruwan gwamnatin tarayya, a 2007 kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan umarnin da ya ƙara masa kariya. A Carolina ta Kudu an haramta sayar da wanda aka kamo daga ruwan jihar. Dokar 2018 ta rage abin da mutum zai tafi da shi gida daga uku zuwa biyu a yini, kuma sai wanda tsawonsa ke tsakanin inci 15 da 23. Ƙaramin bai isa ba, babban kuma iri ne. A 2021 aka yi wa shimfiɗaɗɗen kifin irin wannan gyara, aka mai da shi biyar ga mutum ɗaya, kada kuma ya gaza inci 16. Shi ya sa ba a rasa katakon awo a kan kowane kayak, kusa da lasisin kamun kifi da Sashen Albarkatun Ƙasa na jihar ke bayarwa.

Zafin bazara na ƙara wa kifin da za a saki wahala. A Yuli da Agusta ɗumin ruwan yakan kusanci digiri 30, kuma ruwa mai ɗumi bai riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi. Kifin da aka daɗe ana kokawa da shi, aka kuma riƙe shi a iska ana ɗaukar hoto, yana iya mutuwa bayan an sake shi. Don haka ake horon a gaggauta janyo shi, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a tallafe shi cikin ruwa har ya fizge da kansa.

Ranar Asabar

Yawan jama'a ne ya sauya fuskar waɗannan ruwaye. Garin Mount Pleasant, wanda ke tsallaken kogi daga Charleston, mutum kimanin 30,000 gare shi a 1990. A ƙidayar 2020 ya haura 90,000, yankin baki ɗaya kuma ya kusa 800,000. Rafin Shem Creek da ya ratsa garin ya zama madubin wannan sauyi. A ɗan ƙaramin wuri ake samun jiragen masu kamun jatan lande, da gidajen abinci a kan ruwa, da masu hayar kayak ga baƙi, da jiragen shaƙatawa, kowa na neman hanyar fita.

Babban abin tsoro ga mai kayak shi ne igiyar da jirgi ke bari a bayansa. A buɗaɗɗen ruwa takan baje ta mutu. A ƙunƙuntar rafi kuwa takan daki gaɓa ta dawo, ta haɗu da mai bi mata, ruwa ya rikice ta ko'ina. In ta sami kayak ta gefe tana iya kifar da shi, ko ta maka shi da tarin kawa. Gogaggu sukan juya hancin kwalekwalen su fuskance ta. Ba sa kuma ɗaure anka a tsakiyar jikinsa cikin ruwa mai gudu, domin nan da nan ruwan zai danne gefe guda.

Doka ba ta ba ƙarami damar tare hanya ba. Ƙa'idojin zirga-zirgar jirage sun ce jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya hana wucewar wanda ba ya iya fita daga zurfafan layinsa. A 2022 aka kammala zurfafa mashigar tashar Charleston zuwa ƙafa 52, manyan jiragen kwantena na shige da fice, kuma irinsu ba sa iya tsayawa don wani. Mai kayak in zai tsallaka layin jirage yakan jira ya ga sarari, ya yanke shi kai tsaye, ba tare da tsayawa fatsa a ciki ba.

Sauran dabarun duk a kan kauce wa taro suke. Na farko sammako: a shiga ruwa da ketowar alfijir, a fito kafin rana ta take, daidai lokacin da 'yan shaƙatawa ke isowa. Wannan yana kuma kuɓutar da mutum daga hadarin la'asar mai tsawa, wanda ya zama ruwan dare a bazarar yankin, kuma mai riƙe da doguwar sanda a fili ba ya son tsawa ta same shi. Na biyu, a nufi can ƙuryar rafi inda ruwa ya yi ƙaranci. Janyewar teku ita ce ƙofar da ke rufe wa jiragen inji hanya, ta bar wa kayak fili. Na uku, babbar cikowar kwanakin sabon wata da cikakkensa a wannan gaɓa takan faɗo da safe da kuma wajen faɗuwar rana, lokacin da yawancin jirage sun koma.

Sai dai ƙofar da ta hana wani shiga tana iya hana wani fita. Wanda kifi ya shagaltar a ƙuryar rafi har ruwa ya tsiyaye, zai zauna a kan taɓo sa'o'i cikin rana da sauro yana jiran teku ta dawo. In ya ce zai sauka ya ja kwalekwalen, taɓo ya riƙe shi, kawa ta yanke shi. Yankan kawa a ruwa mai ɗumi kuwa ba abin wasa ba ne, domin akwai ƙwayar cutar Vibrio da ke shiga ta rauni, wadda kan yi kisa musamman ga masu ciwon hanta ko raunin garkuwar jiki.

Akwai kuma waɗanda suka riga kowa zama a wurin. Tsibirin Crab Bank da ke bakin Shem Creek mafakar tsuntsayen teku ce. Ruwa ya cinye shi, aka sake gina shi a 2021 da yashin da aka yaso daga tashar, kuma an hana sauka a kansa daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Oktoba, lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Dabbar dolfin da ke bin rafukan ita ma dokar tarayya ta 1972 ta hana a takura mata.

Rigar da ke bayan kujera

Alƙaluman Rundunar Tsaron Gaɓar Teku ta Amurka sun nuna cewa mutum 564 ne suka mutu a haɗurran jiragen shaƙatawa a 2023. Inda aka san musabbabin mutuwar, kashi 75 cikin 100 nutsewa suka yi, kuma fiye da kashi 80 na waɗanda suka nutse ba sa sanye da rigar kariya. Shan giya ne kan gaba a sanannun dalilan haɗurran da aka rasa rai. A jerin nau'in jiragen da aka fi mutuwa a cikinsu, kayak ne ke bin bayan buɗaɗɗun jiragen inji.

Doka ta wajabta wa mai kayak ya kasance da rigar kariya a tare da shi, da usur, da farar fitila in duhu ya yi. Amma ba ta tilasta wa baligi sanya rigar ba, kuma cikin zafin Yuli da yawa sukan cusa ta bayan kujera. Matsalar ita ce kifewa ba ta sallama. Cikin ƙiftawar ido mutum ke samun kansa a ruwa, zaren fatsa ya naɗe masa ƙafa, ruwa na jan kwalekwalen da rigar gaba ɗaya. Iya ruwa fid da kai ne, amma ko gwanin iyo ba ya sanya riga yana cikin ruwa mai gudu. Masu lura sukan ƙara da doguwar tuta mai launin lemo don a hango su, su kuma bar wa wani a gida bayanin inda suka nufa da lokacin dawowarsu.

Ta ɓangaren masu inji ma jihar ta motsa. Tun daga Agustan 2023, duk wanda aka haifa bayan 1 ga Yulin 2007 sai ya yi kwas na sanin ƙa'idojin ruwa kafin ya tuƙa jirgi mai ƙarfin doki 10 ko fiye. Doka ce mai tafiyar hawainiya, domin za a ɗauki shekaru kafin ta game yawancin direbobi.

Wa ya biya kuɗin gangaren?

Ba a cikin ruwa kaɗai ake samun saɓani ba. A bakin gangaren saukar da jirage, inda wurin ajiye mota ke ƙarewa tun da safe, mai jirgin inji yakan ga cewa shi ne ya biya kuɗin simintin, alhali mai kayak ya tare hanya yana jera kayansa. Ƙorafin yana da tushe. A 1950 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ake kira Dingell-Johnson, wadda ta ware harajin kashi 10 cikin 100 na kayan fatsa domin raya kifi. Gyaran da aka yi mata a 1984 ya haɗo da harajin man da jiragen inji ke sha. Ana raba kuɗin ga jihohi, tarayya ta ɗauki har kashi 75 na kuɗin aiki, jiha ta cika sauran, kuma kashi 15 na rabon kowace jiha dole ya tafi ga samar wa jirage hanyar shiga ruwa. Kayak marar inji ba ya shan mai, kuma a Carolina ta Kudu ba ya buƙatar rajista.

Amma mai fatsa a kan kayak ba ci-ma-zaune ba ne. Ya biya haraji a kan sandarsa da ƙugiyarsa, ya kuma sayi lasisi, wanda yawan masu riƙe da shi na cikin ma'aunin da ake raba kuɗin tarayya da shi. Bayan haka, a dokar jihar, ƙasar da ruwan teku ke rufewa in ya cika amana ce a hannun hukuma domin jama'a, sai fa inda aka tabbatar da wata tsohuwar takardar mallaka. Mai katafaren gida a bakin rafi ba shi da ikon korar wanda ke shawagi a gaban gidansa. Abin da ya rage shi ne ladabi: mai kayak ya shirya kayansa a gefe, ya sauka cikin minti biyu, ya ba na baya wuri. A wasu wuraren kuma an gina wa masu filafili mashigarsu daban.

Kuɗin da ake tarawa suna komawa ruwan. Masanan jihar da ke Fort Johnson a tsibirin James suna ƙidayar kifaye, cibiyar Waddell da ke Bluffton tana ƙyanƙyasar jan kifi ana zubawa a rafuka, sannan tun farkon shekarun 2000 ake tattara ɓawon kawa daga gidajen abinci ana mayarwa gaɓa domin sababbi su kama. Tarin kawar nan shi ke tare igiyar jirage kafin ta zaizaye fadama.

Ƙaramin jirgi ba baƙo ba ne a wannan gaɓa. Al'ummar Gullah Geechee, zuriyar mutanen Afirka ta Yamma da aka kawo bauta a gonakin shinkafar yankin, sun shafe ƙarnuka suna bin waɗannan rafuka a kwalekwalen katako da birgi a hannu, suna karanta ruwa da wata ba tare da jadawali ba. Abin da ya sauya shi ne yawan masu neman wurin, da kuma tekun kanta, wadda ma'aunin tashar Charleston ya nuna ta ƙaru da kimanin ƙafa ɗaya cikin shekara 100. Fadamar da gidaje da katangu suka tokare ta baya ba ta da inda za ta matsa in ruwa ya ci gaba da hawa. Ranar da ta nutse, kifin da ake awo da katako zai rasa wurin girma, ruwa marar zurfi da ke raba mai kayak da mai inji shi ma zai tafi tare da ita.